Gishirin Malam Isiyaku

Wautar da na fara yi a wannan shekarar ƙarama ce, kuma da hannu na yi ta, ba da baki ba. Malam Sambo, wanda nake karatu a zaurensa a unguwar Hausawa ta Garwa, yana da wata al'ada tasa shi kaɗai. Ba ya naɗa wa ɗalibi rawani don ya sauke littattafai kawai. Sai ɗalibin ya ɗauki malami guda cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya bi duk abin da mutumin ya rubuta, ya tattara, ya kwafe da hannunsa, ya haddace, sannan a tara malaman unguwa ya zauna a gabansu ya karanta ya yi bayani. Ranar da aka zo kanmu, mu huɗu, Malam ya sa aka jera gafaka bakwai a kan buzu ya ce kowa ya zaɓa. Abokaina suka tsaya tambayar sunayen masu su. Ni ɗan majemi ne, na san nauyin fata, saboda haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa kamar mai duba ɗinki, alhali awo nake yi. Ta ƙarshe ba ta kai nauyin kazar da ta yi sati tana jinya ba. Na rungume ta na ce zuciyata ta kwanta da wannan bawan Allah.

Malam ya tambaye ni ko na san shi. Na ce tun ina goye nake ƙaunarsa. Ya ce to mene ne sunansa. Na dubi gafakar, ita ma ta dube ni.

"Malam Isiyaku ne na Bakin Ruwa," in ji Malam. "Abokina ne. Ka ɗauki mafi sauƙi a hannu, Habu. Allah ya ba ka ƙafa."

Ban gane abin da ya kawo ƙafa cikin zancen karatu ba sai bayan kwana uku.

Ku 'ya'yana kun taso kun tarar da ni da rawani, kuna zaton da shi aka haife ni. A lokacin shekarata goma sha bakwai, Jamus sun yi 'yan shekaru da zama a Garwa, kuma abin da ke jirana a gida ramin jima ne. Ba ku san warin majema ba, Allah kada ya sanar da ku. Wari ne da ke riga mutum shiga masallaci ya kama masa sahu. Ungulu ma in ta biyo ta saman gidanmu sai ta karkace. Yayyena biyu suna cikin ramin tun suna ƙanana, ni kaɗai Baba ya sake wa karatu, kuma haƙurinsa ya kusa ƙarewa, don kamfanin Turawa na sayen fatu duk lokacin da Binuwai ta cika jirage suka hauro, hannu kuma ba ya isarsa. Da na kai masa labarin gafakar, ruwa bai daɗe da janyewa ba. Bai ko ɗago daga kirgin da yake kankarewa ba.

"Ranar da jirgin farko ya yi kuka a bakin ruwa," ya ce, "ko ka shigo gidan nan da rawani, ko ka tuɓe riga ka shiga rami."

Na ce ai wata biyu ma ya ishe ni. Takarda goma sha tara ce kawai a cikin gafakar, na ƙirga sau uku don daɗi.

Abin da ban sani ba shi ne Malam Isiyaku mai waƙoƙin wa'azi ne, kuma mutum ne da ba ya iya riƙe takarda. Duk wanda ya ce waƙa ta yi masa daɗi sai ya zare masa ita ya ba shi. Ragowar kuma ta watse ranar da Jamus suka shigo, mutane suka gudu daji, shi ma ya rasu a can cikin 'yan kwanaki. Goma sha taran nan su ne abin da Malam Sambo ya tsinto a ɗakinsa. Sauran suna cikin kawunan makafi da masunta da fatake, daga Garwa har inda Allah ya sani. Abokaina uku suka zauna a inuwar zaure da manyan gafakokinsu, suna kwafa suna cin gyaɗa. Ni na shiga duniya da sanda.

Na bi jakunan wani bafatake zuwa Mayo-Ulo saboda an ce akwai makaho a can da ya haddace waƙa shida. Ya haddace ɗin, amma ba ya tuna su sai ya ƙoshi, kuma ƙoshi ɗaya baiti ɗaya yake fitarwa. Na yi masa surfe, na yi masa ɗiban ruwa, na tsefe masa gemu. Kwana arba'in na yi a garin, na fito ina iya ƙirga haƙarƙarina ta cikin riga, shi kuwa ya yi kumatu. A hanyar dawowa sojan Jamus suna kamen masu ɗaukar kaya, na wuni a kan tsamiya tare da tururuwa, takarduna a cikin wando. Daga baya na tafi har Mindif, gindin dutsen nan mai tsini, don wani tsoho yana da takarda guda da hannun Malam Isiyaku. Da na isa na tarar ya ɗinke ta cikin laya ya rataya wa godiyarsa. Sai da na rantse masa ni ɗan majemi ne, zan farke in mayar ba tare da godiyar ta sani ba. Ta sani. Har yau in hadari ya haɗu ƙuguna yana tuna mini da ita.

Duk abin da na samo nakan kawo wa Malam, wanda idanunsa suka fara dushewa a shekarar, in karanta masa ya gyara. Shi ba ya ɗaukar komai na abokinsa da wasa. Wata rana a gefen wata takarda mai zancen mutuwa na ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe, igiyar akuya. Malam ya shafe rabin hantsi yana bayyana mana yadda rai yake ɗaure a turken jiki, yana kewaye, yana zaton kiwo yake yi. Har da hawaye. Ni ma na matse ido, don na ga kowa na yi.

Kafin ruwan farko ya sauka na tara waƙa talatin da ɗaya, tafin ƙafata ya zama abin da Baba zai iya sayar wa kamfani. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya cirewa. Na fara jin haushin mamacin kamar ya ci mini abinci. Amma na san shi. Na san yadda yake jan wutsiyar baƙi in ya ƙosa, na san ba ya son doguwar kalma a ƙarshen baiti, na san duk inda ya rasa abin faɗa sai ya koma kan kogi. In ina tafiya da muryarsa nake zagin jaki.

Saura abu guda, kuma shi ne wanda Malam ya fi damuwa da shi. A cikin gafakar akwai Waƙar Hayi, wadda ke kwatanta mutuwa da haye kogi. Kun san littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, warwatse suke, shi ya sa mai rubutu kan sa kalma guda a gindin takarda, a kusurwa, wadda ita ce za ta buɗe takarda ta gaba, don in sun cakuɗe a gane mai bin wata. Waƙar ta zo har takarda ta huɗu, ta tsaya a kan tambaya: me za ka riƙa ranar hayi? A gindinta, a kusurwa, an rubuta gishiri. Takarda ta biyar kuwa babu ita. Babu hamdala, babu salatin rufewa. Malam ya ce ba zai tara malamai a kan waƙa mai yankakken wutsiya ba. Ya ce shekara da shekaru yana kwana yana tashi da wannan gishirin, yana son ya ji abin da abokinsa ya gano.

Na tambayi duk mai rawani daga bakin kogi har bayan bariki. Na tambayi makafin kasuwa, kowannensu in ya zo kan tambayar sai ya tsaya ya miƙo hannu. Na aika saƙo Mayo-Ulo, makahon ya aiko cewa zai iya tunawa in na dawo. Ruwa kuwa yana hauhawa. Kullum da safe sai in je in duba wani dutse a bakin gaɓa, kullum ya ƙara nitsewa, in na dawo in tarar Baba ya ajiye mini wuƙar kankara a bakin ƙofa.

Wata la'asar ina zaune a mashaya, na rasa abin yi, wani kwale-kwalen Nufawa ya tsaya nesa da gaɓa saboda laka. Wani ƙato ya goyo buhun gishiri ya shigo ruwa, ya zurma rami har wuya, ya yi ta kokawa. Da ya fito yana washe baki wai ya tsira da kaya, buhun ya lanƙwashe a bayansa kamar tsumma. Mutane suka yi ta dariya. Ni ma na buɗe baki zan yi, sai na ji muryar Malam Isiyaku a cikin kaina, da karinsa da komai. Kafin in kai gida baitocin sun zauna. Kun san su, kun yi ta rerawa a makaranta:

Gishiri ka ɗauko, ya ɗan'uwa,
Ka goya a baya ka faɗa ruwa,
Kana ta murna nauyi na raguwa,
Ka kai gaci babu abin nunawa.

Na ƙara hamdala da salati irin nasa. Akwai farar takarda guda a bayan gafakar, na rubuta a kai da hannunsa, har da jan wutsiyar baƙin. Na shafa mata ruwan bagaruwa, wanda muke jima da shi, na rataye ta a hayaƙin murhu kwana biyu, ta fito ta tsufa fiye da kakata. Sannan na farke bakin gafakar, na je na durƙusa gaban Malam na ce, Allah gafarta Malam, ashe tana nan tsakanin fata da fata, ta zame ciki tuntuni. Na gaya wa kaina wasa ne, zai kama ni daga baitin farko, ya zane ni, mu yi dariya, ya tausaya mini. Na karanta. Ya ce in sake. Na sake. Ya karɓi takardar ya kai ta dab da ido, ya shafa ta, ya ɗora a goshi.

"Shi ne," ya ce. "Ko a cikin dubu na san muryarsa."

An tara malamai ranar wata Alhamis da hantsi, a ƙofar zauren. Na karanta tun daga waƙar farko, suka yi ta jefo mini tambaya ina amsawa, kuma wannan da gumina na amsa, ku rubuta mini shi. Sai na zo kan gishiri. Wani Modibbo daga cikin Fulani ya ce a maimaita masa, ya juya wa na kusa da shi da Fulatanci, suka yi ta gyaɗa kai. Aka naɗa mini rawani kafin azahar. Kwana biyar bayan haka jirgin farko ya yi kuka. Baba kuwa tun ranar naɗin ya ɗauke wuƙar daga bakin ƙofa ya miƙa wa ɗan ƙanensa.

Washegarin naɗin wata yarinya ta zo ta ce Goggo Dudu na kirana. Goggo Dudu tsohuwa ce Bafulatana mai sayar da daddawa, gida huɗu tsakaninta da majemarmu. Na wuce ƙofarta ya fi sau dubu a wannan shekarar, ina zuwa Mindif ina dawowa. Na san ita ce matar Malam Isiyaku, kowa ya sani. Bai taɓa faɗo mini ba, ni ko Malam ko wani mai rawani, cewa a tambaye ta. Ta saurari karatun ta bayan zana tare da sauran mata. Na shiga da sabon rawanina ina taka ƙasa a hankali kada ya faɗi. Ta bar ni a tsaye tana mulmula daddawa, ta yaba rawanin, ta ce ya yi mini yawa kaɗan amma kai zai girma. Sai ta tambaye ni inda na sami takardar. Na fara ba ta labarin fata da fata.

"Ɓingel am, ɗana, zauna," ta ce. "Mijina mantuwa gare shi. In na aike shi kasuwa sai ya rubuta a kan duk takardar da ke gabansa. Ran nan da safe na leƙa na ce masa gishiri ya ƙare. Na ga ya duƙa ya rubuta a gindi. Kafin ya sa takalmi aka fara jin bindiga."

Na tuna igiyar akuya. Na tambaye ta da ƙaramar murya, ta ce e, akuyar ta cinye ta farko. Na tambayi takarda ta biyar. Ta ce babu wata ta biyar. Wata uku ya yi zaune a kan tambayar nan, yana fita bakin kogi yana dawowa, abinci ma sai ta yi masa faɗa, kuma har suka gudu daji bai sami amsa ba. A dajin ma, yana tari, ya ce mata har yanzu bai san abin da ake riƙewa ba.

"Kai kuwa ka samo a yini ɗaya," ta ce. "Allah ya yi maka baiwa."

Ba da zafi ta faɗa ba, shi ya fi ciwo. Na tambaye ta ko za ta gaya wa Malam. Ta ce ita ba a taɓa tambayarta ba, ba kuwa za ta fara amsa yanzu ba, wannan tsakanina ne da malamina. Da na tashi fita ta kira ni ta ce tun da na gama masa waƙar, sai in gama masa aiken, har yau gishirin bai zo ba.

Na yi kwana uku ina shirya maganar. Na san abin da za ta jawo: a kwance rawanin a gaban mutanen da suka ga an naɗa shi, in koma gida in karɓi wuƙar daga hannun ɗan ƙanen Baba. Duk da haka rana ta huɗu na tafi, Allah ya sani na tafi da niyya. Na tarar da zauren a hargitse, ana ɗaure littattafai, ana fitar da tukwane ana raba wa maƙwabta. Tun zuwan Jamus Malam yake ta saƙa ko ya bi masu tafiya gabas, zuwa Makka, ko ya zauna ya mutu a gidansa. Iyalinsa ba sa so, 'ya'yansa sun sha roƙonsa saboda idonsa da shekarunsa, har ya yi kamar ya haƙura. Ya ji takuna ya kira sunana, ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi. Fuskarsa a sake, ban taɓa ganinsa haka ba.

"Habu, gidan nan da gonar nan da zauren nan, duk buhu ne nake goye da shi," ya ce. "Isiyaku ya aiko mini da amsa ta hannunka. Me ke tafe da kai?"

Na dubi matarsa tana kuka a bakin ƙofa tana naɗe tabarma. Kalma biyar ta isa ta kwance kayan nan duka. Na ji nauyin rawanin a kaina, na kuma ji, daga can ƙarshen unguwa, iska ta kawo warin gidanmu.

Na ce na zo ne in taya ɗaurin kaya.

Na taya kuwa, na iya ɗauri. Suka tashi da ayari bayan ruwa ya ɗauke, na raka su har bayan gari, ya yi mini addu'a mai tsawo. Na dawo na zauna a zaurensa, shi ya bar mini. Duk ranar kasuwa kuma ina kai wa Goggo Dudu gishiri, shekara goma sha ɗaya, har ta rasu. Ba ta sake ta da maganar ba. Takan karɓa ta ɗanɗana ta yi godiya da Fulatanci, "Useko, Malam," ta kuma ja kalmar Malam ɗin kaɗan.

Jamus sun tafi, Faransa sun zo, baitocin nan suna nan. An kira ni in karanta su a wurin zaman makoki ya fi a ƙirga. Na ji su a bakin masunta, na ji su a bakin wani direba a Marwa wanda ya rantse mini kakansa ya ji su daga bakin Malam Isiyaku da kansa. Waƙa talatin da ɗayan da na ci wuya a kansu, waɗanda nasa ne na gaskiya, yau ba na jin akwai mai riƙe da biyar. Ni ma na yi waƙoƙi da sunana daga baya, guda goma sha huɗu, ko ku ba ku haddace baiti ɗaya ba, kuma ban ga laifinku ba, na sake duba su. Na gaji da gyaɗa kai in an ce Allah ya ji ƙan mai gishiri. Shi ya sa na rubuta wannan, tun hannuna na iya riƙe alƙalami. Gafakar tana cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadona. Ku zaro takarda ta biyar ku shinshina, har yanzu bagaruwa take.

Malam Sambo bai kai Makka ba. Shekara biyu bayan tafiyarsu wani mai kanwa ya kawo labari cewa zazzaɓi ya kama shi a Kuseri, suna jiran kwale-kwalen da zai haye da su, aka binne shi a wannan gaɓar. Iyalinsa ba su dawo ba. Baiti huɗun nan ni na yi su, ina ɗan shekara goma sha bakwai, don kada in shiga rami. Malam Isiyaku a kan tambaya ya tsaya. Gishirin na miya ne.